Filin Tambaya da Amsa: Alamar DNA da man furen rana

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin inganta irin shuka. An ba mu aiki a kan alamomin gado masu alaƙa da sinadaran maiƙo na man furen rana. Na yi ta karatu har kaina ya ɗau zafi, amma abu ɗaya ya ƙi shiga: ta yaya za a duba ganye a san irin man da 'ya'yan za su bayar, alhali shukar ko fure ba ta fitar ba?

Amsa: 'Yata, ajiye ganyen tukuna, mu fara daga man. Sinadarai huɗu ne suka cika kusan duk man furen rana. Biyu daga ciki, famitik da sitiyarik, ba su da yawa, idan aka haɗa su ba su cika wuce kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari ba. Ragowar kuwa oleyik da linoleyik ne ke rabawa tsakaninsu, kuma duk lokacin da ɗaya ya hau, ɗayan sauka yake yi, domin daga oleyik shukar take ƙera linoleyik. A irin gargajiya linoleyik ke da rinjaye, yakan kai kashi 55 zuwa 70.

Sitiyarik da oleyik da linoleyik duk sarƙa ce mai ƙwayar kabon 18. Abin da ya raba su shi ne ɗauri mai ninki a jikin sarƙar: sitiyarik ba shi da ko ɗaya, oleyik yana da ɗaya, linoleyik yana da biyu. A wajen ninkin nan ne iska take kama mai ta ɓata shi. Shi ya sa man da linoleyik ya yi masa yawa ba ya jure wuta mai tsawo, kuma idan ya daɗe a ajiye sai warinsa ya sauya. Masana'antun suya da masu haɗa abincin leda sun fi son mai yawan oleyik saboda wannan dalili.

To, wa ke ƙara ninki na biyun? Wani enzayim ne, wato sinadarin da shuka ke ƙerawa don ya juya wani sinadari zuwa wani, da ke aiki a cikin ƙwayar iri lokacin da take cika, kuma ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera shi ana kiranta FAD2-1. Furen rana yana da kuromosom (ƙullin DNA da ƙwayoyin gado ke jere a kai) 34, wato tagwaye 17, ita kuma tana kan na 14. Tana da 'yan'uwa biyu, FAD2-2 da FAD2-3, masu aiki a sauran jikin shuka, amma a cikin iri ita ce mai ɗaukar nauyin. Idan aka rufe mata baki, oleyik sai ya taru ya rasa mai juya shi, ganye da saiwa kuma su ci gaba da harkarsu ba su san an yi ba.

An rufe bakin nata tun kafin kowa ya san sunanta. A cibiyar binciken shuke-shuken mai ta VNIIMK da ke Krasnodar, a zamanin Tarayyar Sobiyet, inda V. S. Pustovoit ya yi shekaru yana ɗaga yawan man da ke cikin iri daga kusan kashi 30 zuwa kusan 50, wani masani mai suna K. I. Soldatov ya jiƙa irin VNIIMK 8931 a wani sinadari mai jirkita gado, ya shuka, ya yi ta zaɓe a cikin zuriyar. A 1976 ya ba da sanarwar irin da aka sa wa suna Pervenets, wanda oleyik ɗinsa ya haura kashi 70. Daga baya masu inganta iri a Amurka da Faransa da Sifaniya suka tace shi har aka samu layukan iri, wato tsatson da aka tace, da ke kai kashi 85 zuwa 90. Kusan duk irin mai yawan oleyik da ake nomawa yau a duniya, idan kika bi salsalarsa, a Pervenets za ki tsaya.

Sai bayan shekara talatin aka gano abin da sinadarin ya yi a ciki, kuma ba abin da mutum zai zata ba ne. Bai fasa FAD2-1 ba, tana nan lafiya lau. Abin da ya faru shi ne wani yanki nata ya maimaitu, aka samu kwafi na biyu, guntu, a kusa da na asali. Wannan maimaici yana sa ƙwayar iri ta fitar da wasu 'yan guntayen RNA, sinadarin da ke ɗaukar saƙon DNA, da ke bin saƙon FAD2-1 suna lalata shi kafin a ƙera enzayim ɗin. Aikin Schuppert da abokansa a Amurka a 2006, da na Lacombe da Bervillé a Faransa a 2009, su suka fayyace wannan. Ki riƙe shi da kyau, domin shi ke bayyana dalilin da ya sa halin yake da rinjaye: ko da shuka ta gaji kwafin Pervenets daga uwa kawai, ta gaji lafiyayye daga uba, guntayen nan ba sa tambayar daga ina saƙo ya fito, duka suke bi.

Yanzu mu koma ga ganyenki. DNA ɗin da ke cikin ganye shi ne dai wanda ke cikin saiwa da fure. Alamar gado kuwa wani wuri ne a jikin DNA da ya bambanta tsakanin shuka da shuka, wanda muke iya gani a ɗakin gwaji cikin sauƙi. Kamar kwatancen gida ne: a ce miki gidan yana gefen wata doguwar bishiya. Bishiyar ba ita ce gidan ba, amma idan kin gan ta kin iso. Matsalar ita ce a duk lokacin da shuka ke samar da garin fure da ƙwan iri, kuromosom na uwa da na uba sukan yi musayar yanki, don haka alamar da ke nesa da ƙwayar gadon tana iya rabuwa da ita, ki ga alama amma abin da kike nema ba ya nan. Gwargwadon kusanci, gwargwadon aminci. Sa'ar da aka yi a oleyik ita ce alamar a kan maimaicin kansa aka ɗora ta, a daidai mahaɗar kwafin biyu, don haka babu zancen rabuwa.

Ga yadda abin yake a hannu. Tsiro yana da ganye biyu ko huɗu, sai a huda ganye a ciri ɗan da'ira da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, a jefa a ɗan bututu mai lamba. A niƙe, a wanke, a fitar da DNA, ɗan farin abu da kyar ido ke ganinsa a gindin bututun. Sai a sa shi a na'urar PCR, mai buga kwafin DNA, tare da wasu gajerun DNA biyu da aka ƙera don su kama gefe da gefen mahaɗar nan. Idan maimaicin yana nan, na'urar za ta buga kwafin wurin har miliyoyi. Idan babu, ba abin da za ta buga. Daga nan a ɗiga kowane samfuri a raminsa a jikin jel, wani faifai mai laushi da ke rarrabe guntayen DNA, a sa wutar lantarki, a jira, a ɗora a kan fitila. Za ki ga layi-layi: wannan rami da ɗan zane mai haske, na gefensa wayam, na gaba da zane. Ni har yau idan zan karanta jel, ramin farko da nake dubawa shi ne na shukar da na riga na san tana da halin. Idan ita ba ta haska ba, duk wayam ɗin da ke jel ɗin ba shi da ma'ana, aikin ne ya lalace.

Wannan alama tana da gurguntaka ɗaya. Tana cewa “akwai” ko “babu”, ba ta faɗin guda nawa. A zuriya ta biyu bayan an haɗa aure tsakanin mai halin da marar shi, cikin kowace shuka huɗu, a matsakaici ɗaya tana da kwafi biyu na halin, biyu suna da ɗaya-ɗaya, ɗaya ba ta da komai. Uku za su haska iri ɗaya, alhali ɗaya ce tak a cikinsu za ta haifi zuriya da ba ta rarrabuwa. Don haka ake haɗa ta da wata alama ta biyu, irin da ake kira SSR, da ke cikin FAD2-1, wadda ke nuna tsawon da aka gada daga uwa da wanda aka gada daga uba daban-daban. Yanzu dakunan gwaji da yawa sun koma alamomin SNP, masu duba bambancin harafi ɗaya na DNA, na'ura ce ke karantawa da launi, ba jel.

Zan gaya miki abin da littattafan da ke zuzuta alamomi ba sa son tsayawa a kai. Tun kafin PCR muna da hanyar sanin man iri kafin a shuka shi. Ana ɗaukar ƙwaya ɗaya, a ɓare, a sa reza a yanke ɗan gefen da ke nesa da inda saiwa za ta fito. Gutsuren a kai shi na'urar tantance sinadarai, ragowar a nannaɗe a takarda mai lamba. Idan sakamako ya yi kyau a shuka ragowar, kuma tana tsirowa. Hanyar rabin iri ke nan, kuma har gobe ana amfani da ita. To, me alama ta fi ta da shi? Abu uku. Zafi ko sanyin daminar da aka yi ba ya taɓa DNA. Tana raba mai kwafi ɗaya da mai biyu. Sannan daga ɗigon DNA guda ana iya duba oleyik, a duba ƙwayoyin Pl masu kare shuka daga wata cutar fumfuna ta ganye, a duba ƙwayar Rf1 mai dawo wa furen da ya rasa garin barbara da garinsa, duk a zama ɗaya. Na ukun nan shi ne, a ganina, ya sa kamfanonin iri suka rungume ta. Idan malaminku ya tambaye ki amfanin alama kika tsaya a “tana rage lokaci”, kin ba da rabin amsa.

Tambaya: Ina aiki a wani kamfanin da ke sayen irin furen rana yana tatsar mai. Mun ba manoma iri da takardarsa ta nuna an gwada shi, yana ɗauke da alamar oleyik. Da aka kawo amfanin muka auna, oleyik bai kai kashi 70 ba, alhali muna buƙatar ya haura 80. Gwajin DNA ɗin ne ƙarya, ko manoman ne suka yi mana gauraye?

Amsa: Malam, kafin ka zargi kowa, ka nemi amsar tambaya guda daga wanda ya sayar muku da irin: iyayen biyu ne ke ɗauke da halin, ko ɗaya?

Kusan duk furen rana na kasuwanci irin aure ne, tun bayan da Leclercq ya gano a Faransa a 1969 yadda za a samu uwa marar garin fure, Kinman kuma ya gano a Amurka a 1970 ƙwayar gadon da ke dawo da shi. Irin da kuka raba zuriya ta farko ce. Idan uwa ce kaɗai ke da halin Pervenets, kowace ƙwaya a buhun za ta haska a gwaji, takardar ba ta yi ƙarya ba. Amma abin da manomi ya girbe ba wannan irin ba ne, 'ya'yansa ne, zuriya ta biyu, kuma man furen rana yana bin gadon ɗan tayin da ke cikin kowace ƙwaya, ba na uwar shukar kawai ba. Kan fure ɗaya sai ka samu ƙwaya uku cikin huɗu masu yawan oleyik, ta huɗun irin gargajiya. Yi lissafi na misali: uku a kashi 85, ɗaya a kashi 20, ka haɗa ka raba huɗu, za ka samu kusan 69. Ka ga inda alƙaluminka ya faɗo. Wannan ba ma kuskure ba ne a wasu wurare, da gangan ake yi. Man NuSun mai matsakaicin oleyik, da ƙungiyar manoman furen rana ta Amurka ta fito da shi a ƙarshen shekarun 1990, galibi da irin wannan aure ake samar da shi.

Idan an tabbatar maka iyayen biyu duk suna da halin, sai ka duba gona. Ƙudan zuma ne ke yi wa furen rana barbara, kuma ba ya sanin iyakar gona. Garin fure daga gonar maƙwabci mai irin gargajiya, ko daga gyauron bara da ya tsiro a tsakiyar kunya, yana rage oleyik. Bayan gona akwai injin girbi da motar ɗauka da rumbun ajiya. Ragowar irin gargajiya da aka bari a gindin rumbu ya isa ya ja lodi guda ƙasa.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba. Halin Pervenets ba shi kaɗai yake aiki ba, akwai wasu ƙananan ƙwayoyin gado da ke ƙarfafa shi ko su raunana shi, kuma masu bincike sun ga layukan da ke ɗauke da maimaicin sarai amma oleyik ɗinsu bai tashi yadda ya kamata ba. Yanayi ma yana da nasa. Enzayim ɗin nan ya fi kuzari a sanyi, don haka idan dare ya yi sanyi lokacin da iri ke cika, linoleyik yana ƙaruwa. A irin gargajiya wannan sauyi babba ne ƙwarai. A tataccen iri mai yawan oleyik ɗan kaɗan ne, amma idan kana bakin iyaka, ɗan kaɗan ɗin ne zai fitar da kai. Ma'aunin abinci na duniya, Codex, ya ce sai oleyik ya kai aƙalla kashi 75 kafin a kira man furen rana mai yawan oleyik, masu saye da yawa kuma sun fi haka tsauri.

Shawarata: kada ka sake ƙulla ciniki a kan takardar DNA kaɗai. Takardar tana shaida abin da aka shuka, kai kuma abin da aka girbe kake biya. Ka sa a riƙa auna kowace mota a bakin ƙofa. Na'urorin da ke haska iri da hasken infrared suna ba da amsa cikin 'yan mintuna, wanda ya yi shakku a kai shi babban gwaji.

Tambaya: Ni dai da na ji an ce DNA a zancen abinci sai gabana ya faɗi. Wannan mai ba irin wanda ake dasa wa ƙwayar wata halitta ba ne?

Amsa: A'a, Hajiya. Alama karatu ce kawai, ba a sa komai a cikin shuka, ba a cire komai. Kuma babu furen rana da aka dasa wa baƙuwar ƙwayar gado da ake nomawa don kasuwa a ko'ina. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, asalin halin daga sinadarin da Soldatov ya jiƙa iri a ciki yake. Wannan tsohuwar hanya ce da aka samar da irin shuka da yawa da ita a ƙarni na 20, kuma sinadarin bai bi zuriyar ba, sauyin da ya jawo ne aka gada.

Tambaya: Malam, idan an riga an gano FAD2-1 da alamarta, me ya sa har yanzu ake ta fitar da sabbin bincike a kan alamomin sinadaran man furen rana? Ba an gama ba?

Amsa: Wanda aka gama shi ne mai sauƙin. Oleyik ya zo da ƙwaya ɗaya mai ƙarfi da ta danne sauran, irin wannan sa'a ba ta cika maimaituwa ba.

Ɗauki sitiyarik. Masu yin majarin da kayan gashi suna son mai mai daskarewa, kuma da can hanyar samunsa ita ce a cusa wa mai ruwa-ruwa iskar haidurojin, abin da ke haifar da maiƙon tirans mai illa ga zuciya. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke hukunci a kansa a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi a 2018. Tun a shekarun 1990 masu bincike a Kordoba da Sebiya ta Sifaniya suka samar da layin CAS-3, wanda sitiyarik ɗinsa ya kai kusan kashi 25, ya ninka na gargajiya sau biyar ko fiye. Ƙwayoyi biyu ke riƙe da shi, Es1 da Es2, kuma an nuna babbar cikinsu tana kan kuromosom na 1, tare da ƙwayar enzayim ɗin da ke juya sitiyarik zuwa oleyik. Da aka zo haɗa yawan sitiyarik da yawan oleyik a shuka ɗaya, sai lissafi ya rikice, domin duk a kan hanya guda suke, kuma waɗannan ƙwayoyi ba su da rinjaye, sai an gaje su daga ɓangare biyu. A nan alama ta fi amfani nesa ba kusa ba, domin shukar da ake nema ɗaya ce cikin tarin da yawa. An kai ga fitar da irin wannan mai kasuwa a Ajantina.

Sauran sinadaran kuma, da yawan man kansa, ƙananan ƙwayoyi masu yawa ne ke raba aikin, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Neman su ya yi wuya har sai da aka karanta DNA ɗin furen rana gaba ɗaya. An buga wannan a mujallar Nature a 2017, ƙarƙashin jagorancin masu bincike a Tulus ta Faransa, kuma tsawonsa ya kai harafi biliyan 3.6, ya fi na ɗan Adam. Bayan haka aka samu damar ɗaukar ɗaruruwan layuka a duba dubban SNP a kowane, a auna mansu, a bar kwamfuta ta nemo harafin da ke tafiya tare da wane sinadari. A 2021 masu bincike a Rasha sun buga irin wannan aiki a kan layuka 601. Ba mamaki Rasha ta damu da shi, ita da Yukiren su ke samar da fiye da rabin man furen rana na duniya.

Amma ka karanta irin waɗannan rahotanni da natsuwa. Cewa harafi kaza yana tafiya da sinadari kaza a wannan tarin layuka ba ya nufin shi ne sanadi. Wataƙila layukan dangin juna ne, sun gaji abubuwan biyu tare daga kaka ɗaya. Wataƙila a daminar da aka auna ne kawai ya fito. Ni ba na ɗaukar sabuwar alama da muhimmanci sai an gwada ta a wani aure daban, a wata ƙasa daban, ta sake fitowa. Kaɗan ne ke tsallake wannan.

Tambaya: Wanne ya fi ga lafiya, mai yawan oleyik ko na gargajiya?

Amsa: Kowanne da wurinsa. Linoleyik yana cikin sinadaran da jiki ke buƙata kuma ba ya iya ƙera su, dole daga abinci za a samu, don haka na gargajiya ba abin gudu ba ne, musamman inda ba za a ɗora shi a wuta mai tsanani ba. Idan suya ce mai tsawo, ko za a maimaita man, mai yawan oleyik ya fi jurewa. A 2018 hukumar abinci ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin man da oleyik ɗinsa ya kai kashi 70 cewa yana iya rage haɗarin ciwon zuciya, da sharaɗin a ci shi a madadin mai mai daskarewa, ba a ƙara shi a kai ba. Launi da ɗanɗano ba za su raba miki su ba, sai ki duba bayanin da ke bayan kwalba: idan adadin maiƙo mai ninki ɗaya ya fi na mai ninki da yawa nesa, mai yawan oleyik ne a hannunki.